Ranar da na sa wa alarm hula

Jama'a, jiya na fito da mutanen bene guda cikin ruwan sama, har da wata tsohuwar Baturiya rungume da kyanwarta.

Kilishi kawai nake ɗumamawa a flat ɗin 'yata Hadiza a unguwar Whalley Range, nan ƙasar Turawa. Abin nan na jikin silin mai jin hayaƙi ya fara ihu. Ni kuwa, da digirina na aji huɗun firamare, na hau kujera na kifa masa hulata, na koma na ƙara wuta. Sai na benen gaba ɗaya ya ɗauka.

Ita Hadiza tana Birmingham, ana yi mata interview na muƙamin babbar injiniya. Aikinsu haɗa wuta irin ta cikin rana a inji don a samu lantarki, ita ke kula da na'urorin da ke auna zafin, su tsayar da injin kafin ɓarna. Tana cikin ba da amsa landlord, mai benen, ya yi ta kiranta a waya, har ta rikice.

Da ta dawo na ce, "Uwata, ai lallashin alarm ɗin na yi."

Ta ce, "Baba, sun tambaye ni abin da ya fi zama haɗari ga na'urar gargaɗi. Na yi ta lissafo wayoyi da zafi. Ashe amsar tana gida tana cin kilishi."

Har yanzu ba su kira ta ba. Hukuncina kuwa, in bi ƙofa-ƙofa in ba maƙwabta haƙuri da Turancina, babu tafinta. Saura tsohuwar mai kyanwa, wadda ta fara atishawa.

'Yan boko, ku taimaka: me ake cewa bayan "sorry"? Nawa a nan ya ƙare.