Ba-Yoyo da Turancin Mazurari

A layinmu, in ka ce Ba-Yoyo, ko akuya ta san wanda kake nufi. Maƙerin kwano ne, mai yanka falle ya mayar da shi bokiti ko mazurari. Daga bakinsa sunan ya fito: duk abin da ya miƙa maka, sai ya ƙwanƙwasa gindinsa da yatsa ya ce, "Ba yoyo." Shekara talatin da ɗoriya ba a taɓa dawo masa da kaya ba, sai wata mata da ta zo ƙorafin bokitinta ya ƙi mutuwa, ita kuwa sabo take so.

Sai roba ta cika kasuwa, ga arha ga launi. Kafaɗarsa ta dama ma ta fara gardama da guduma. Ana cikin haka makarantar koyon sana'a ta ce tana neman mai koyar da aikin kwano. Ga albashi, ga inuwa, ga kujera mai jingina. Sharaɗi ɗaya ne: sai an ci jarrabawa, kuma da Turanci za a tambayi sunayen siffofi. Turancin Ba-Yoyo kuwa bai wuce na gaisuwa ba, shi ma rabi.

Matarsa tsohuwar malamar firamare ce, don haka Malama yake ce mata. Ta ɗauke shi ɗalibi. Ta jera kaya a tabarma: gwangwanin madara, sukari mai ƙwaya, ƙwallo da mazurari.

"Gwangwani silinda ne. Sukarin nan mai fuska shida, kiyub. Ƙwallo, sifiya. Wannan mai tsini, kon."

"Shekara talatin ina yin kon, ba wanda ya gaya mini?"

"Ai ba ka tambaya ba, maigida. Solid kuma shi ne abin da ke riƙe siffarsa duk inda ka ajiye shi. Likwid, irin su ruwa, shi ke bin siffar mazubi."

"Ba ni misalin solid."

"Kanka," in ji ta. "Kwana huɗu ina zubawa, ba abin da ya shiga."

Gaskiyarta. In ya riƙe kiyub da safe, kafin la'asar ya narke kamar sukarin. A rana ta biyar ya tattara kayan karatun ya tafi rumfarsa. Ya ce kansa ba ya riƙe abin da hannunsa bai taɓa ba. Ya yanka falle ya ƙera kowace siffa da kansa, yana bugu yana kiran sunanta, har masu wucewa suka ɗauka sabon kirari ya samu. Sifiya ce ta ba shi wuya, kwana biyu yana lallashinta a bakin maƙera. Tun daga nan bai sake manta ta ba. Mutum ba ya manta wanda ya wahalar da shi.

Ranar jarrabawa su huɗu ne, sauran ukun kowa da takardun shaida a jaka. Mai jarrabawa, wani dogo mai tabarau, takalminsa sai sheƙi yake, ya yi ta ɗaga siffofin katako. Ba-Yoyo na faɗin sunayensu kamar yana kiran 'ya'yansa cin abinci.

Sai aka raba kwali, aka ce kowa ya zana yadda kon yake in an warware shi an shimfiɗa. Sauran suka zana kamar yadda yake a littafi. Ba-Yoyo ya fito da ƙusa da zare, ya ja yankin da'irarsa, sannan, kamar kullum, ya ƙara faɗin ɗan yatsa a bakunan biyu.

Mai jarrabawa ya tsaya a kansa, biro a hannu. "Baba, wannan ƙarin fa? Babu shi a takardata. Ba ka ci wannan ba."

Ba-Yoyo ya ga kujera mai jingina tana tafiya. Ya share gumi. "Ranka ya daɗe, takardar taka ta taɓa ɗaukar ruwa? A ba ni falle in yanka naka da nawa."

Mutumin ya ce a kawo. Ba-Yoyo ya yanka na takarda daidai wa daida, ya naɗe shi da adalci. Bakunan suka haɗu, amma ba abin da zai kama wani. Ya naɗe nasa, ya lanƙwasa ƙarin nan, baki ya shiga baki, ya bi da guduma. Ya miƙa wa mai jarrabawa duka biyun, tsini a ƙasa, ya tsiyaya ruwan buta.

Na takarda ya yi wa takalmin nan mai sheƙi wanka. Na Ba-Yoyo ko ɗigo.

Ya ƙwanƙwasa gefensa da yatsa. "Kon, solid. Ruwa, likwid. Ba yoyo."

Mai jarrabawa ya dubi takalminsa, ya yi dariya har ya cire tabarau. Ya soke abin da ya rubuta, ya zana ƙarin a takardarsa.

Yanzu shekara shida Ba-Yoyo yana kan kujerar. Darasinsa na farko ga duk sabbin ɗalibai shi ne faɗin ɗan yatsa, sunaye kuwa sai hannu ya ƙera tukuna. Malama na gaya wa maƙwabta ita ta ci jarrabawar, shi rakiya ya yi. Ba ya musu. Sifiyar nan dai tana kan teburinsa, ba ya bari kowa ya taɓa.