Happiness da Jar Motar Alhaji Maikuɗi

Happiness 'yar Irmiya ƙanwata ce, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma tun a ƙauye can wajen Rijau ba ta bar wa Baba rediyo ko ɗaya da rai ba. Duk abin da ke da waya sai ta farke ta ga hanjinsa. Da aka dawo Kontagora, Mama ta aike ta sayar da abinci a garejin hanyar Yawuri, sai ta ajiye kula ta tsuguna gefen Oga Silas mai wayarin mota. Shinkafa ta huce, Mama ta yi faɗa, washegari ta sake. Shekara shida ke nan.

Bana Oga Silas ya ce idonsa ya gaji, zai koma gona, ya bar mata rumfarsa. Sai ƙungiyar gareji ta ce a dakata. Ciyaman, Malam Abdulfatahi, ya ce shi ba ya ƙin mace, Allah ya kiyaye, rumfar ce dai tana bakin titi, namiji take so. In ta rasa ta, sai gindin mangwaro can baya, inda babu mai motar da ke leƙawa.

Ana cikin haka tarakta ta jawo motar Alhaji Maikuɗi, dillalin hatsi a kasuwar Salka. Ja ce wur, 'yar Kwatano, ƙofa biyu, kujera biyu, cikinta na shafar ƙasa kamar ƙadangare. An ce can Turai tsere ake yi da ita. Mutumin da ke loda buhu ɗari a yini ya sayi motar da ko buhu ɗaya ba ta ɗauka! Ran Juma'a kaɗai take fita, sauran kwanaki tana lulluɓe da tamfol a bakin sito, tsakanin motocinsa na kaya. Wata Juma'a ya murɗa makulli, ta yi ta gurnani ta ƙi tashi.

Manyan gareji huɗu suka taɓa ta. Na farko ya sauya batir. Na biyu ya kwance kik mai tayar da inji ya mayar. Na uku ya ce ƙwaƙwalwarta ce ta ƙone, sai an aiko daga Legas. Na huɗu ya ce baki ne ya kama ta, a nemo malami. Mota mai tsada irin wannan, wa zai raina ta ya ce ƙaramin ciwo ne?

Ciyaman ya ce, yana ƙunshe dariya, "A ba 'yarmu ta gwada mana. In ta tashi, rumfa taki ce."

"A gaban mutane ka faɗa fa, Baba Ciyaman."

"A gaban mutane."

Happiness ta ɗauko ɗan ƙwan gwajinta, mai waya da tsinke. Ta ce Alhaji ya murɗa makulli, ta kara kunne jikin tanki. Shiru, famfon mai ba ya ko tari. Wuta ba ta kai masa ke nan. Ta buɗe akwatin fiyus na cikin bonet, cike yake, kowa ma ya ga wannan. Amma wayoyin ba su ƙare a nan ba. Ta bi su da hannu, ƙarƙashin kujera, har but, ma'ajin kaya na baya, ta ɗaga kafet. Ga wani akwatin fiyus ɗin, bakinsa kamar na tsohuwa: rami goma sha ɗaya babu komai, na cikin ma rabi a ƙone.

"Alhaji, wa ke riƙe makulli in tana ajiye?"

"Nazifi, babban direbana. Shi ke wanke ta."

Aka kira Nazifi, ya zo yana sosa ƙeya. "Ranka ya daɗe, aro ne. Fitilar motarmu ta kaya mai zuwa Auna ce ta ɗauke ran kasuwa, na ɗauki fiyus ɗaya. Sai hon ɗin ta Ibeto. Sai sauran direbobi suka ji labari. Ai kowa ya sani, motar da ke kwance ita ke ciyar da mai tafiya."

"Motata ce shagonku?"

"Wani lokaci muna mayar da ƙonannen, kada wurin ya zauna haka nan. Kuma mun ga ba ka buɗe but ɗin."

"Me zan buɗe? Me zai shiga?"

Happiness dai ta cike ramukan ɗaya bayan ɗaya, kowane da launinsa da lambarsa. Alhaji ya murɗa. Motar ta yi wata irin ƙara har kajin mai shayi suka watse.

Ciyaman ya gyara hula. "To, madalla. Amma ashe fiyus ne kawai. Wannan ai kowa zai iya, ba shi ne gwaji ba."

Ba ta yi musu ba. Ta kashe motar, ta ce kowa ya juya baya, ta zare guda ɗaya ta sauya shi da ƙonanne, ta rufe but.

"Gaskiyarka, Baba. Ga ƙwan gwajin, nemo mana shi. Minti biyu ne."

Ciyaman ya dubi ƙwan, ya dubi jama'a. Shi mai gyaran bodi ne, guduma ya sani, tunda yake bai taɓa riƙe wannan abu ba. Ya dubi manyan nan huɗu, kowa ya tuna yana da aiki a rumfarsa.

"Silas," in ji Ciyaman, "ba ta makullin rumfar. Ke kuma tayar wa bawan Allah motarsa, ya tare mana hanya."