Injiniya Bala da Lambatun Kasuwarmu

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina tsugune a bakin titi ina kasa tumatir da safe, sai ga Maman Ladi mai doya ta sauko daga keke, ko kallon kayanta ba ta yi ba. Ta kama hannuna ta ce, "Maman Sadiya, Injiniya ya tafi." Na ce ya tafi Minna? Ta ce a'a. Ciwon ƙirjin nan ne ya tashi masa bayan asuba, kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa.

Maƙwabcinmu ne a Kwamba, katanga ɗaya da mu, matarsa Hajiya Rabi ita ta yi min wankan jego. Amma wallahi da na ɗaga kai na hango sabuwar kasuwa a rufe, sai wani tunanin ya zo min. Yanzu wa zai tsaya mana?

Ga wanda bai sani ba, ƙaramar kasuwarmu ce aka rushe za a sake ginawa. Gwamnati ta ba da fili, wani kamfani ya gina, zai riƙa karɓar haya har wa'adinsa ya cika ya mayar wa gwamnati. Injiniya Bala shi ne idon gwamnati a wurin. Sai ya sa hannu cewa aiki ya yi, sannan a raba mana makullai. Mu kuma tun lokacin muna bakin titi, tirela na wucewa kamar za ta taka mana faranti.

Ba mutum ne mai taurin kai ba, kar wani ya ce haka. Da masu haƙan lambatu suka ci karo da dutse, manajan kamfani ya ce aiki ya tsaya ke nan, don takardar kwangila ta ce nan za a bi. Injiniya ya ce a karkata lambatun ya zagaye dutsen. Amma bai yarda a yi maganar a ofis su biyu ba. Ya tara mu a ƙarƙashin mangwaro, da manaja, da shugaban kasuwa, ya zana a ƙasa da tsinke, ya ce ga inda aka ce a bi, ga inda za mu bi, ga dalili. Ya ce, "Canji ba laifi ba ne. Amma duk abin da zan canza, a gaban masu abin zan canza shi."

To kwanar nan da aka yi wa lambatun daidai rumfar da aka ware min take, can gangare. A tsohuwar kasuwa ma nan ruwa ya taɓa kwashe min kaya kaf, har da kwandon da na aro.

Aka gama gini da rani, aka yi fenti. Manaja ya ce a sa hannu, ma'aikatansa na da wani aiki a Tafa. Injiniya ya ce sai an yi ruwa. Abin da ya tsaya a kai ke nan. Ya ce shi ya yarda a canza hanyar, to shi zai amsa in ta ƙi, kuma lambatu busasshe kowa ya gan shi zai ce ya yi kyau. Yana da wani dogon takalmin roba a bayan motarsa, tun muna sabbin zuwa unguwar. Duk aikin da ya duba, ranar ruwan farko zai sa shi ya je ya tsaya a ciki.

Mata sun matsa masa, ba wasa ba. Maman Ladi ta tare shi ta ce, "Oga, kai ne mai ba da ruwan sama? Rana ta gama dafa mu!" Ya yi dariya ya ce, "Maman Ladi, in na sa hannu yau, ruwa ya shiga rumfarki gobe, wa za ki kama? Kamfani zai ce an karɓa, ofis zai ce an gama." Ya sayi doyarta ya wuce. Ta bi shi da harara.

Ana zaman makoki manaja ya zo gaisuwa, ya zauna ya yi addu'a, ba zan ɗauki alhakinsa ba. Sai dai kafin a tashi sadakar uku magana ta zagaya cewa a satin nan za a raba makullai. An ba Madam Hauwa aikin, wadda take ƙarƙashin marigayi a ofis, kuma an ce daga sama ana ta kiranta a waya. Kasuwa ta rabu biyu. Wasu na cewa a karɓa kawai, mun gaji. Ni kuwa rumfata ta gangare nake tunani. Hadari ya haɗu ya watse, ya haɗu ya watse.

Ranar da ruwa ya tsinke da la'asar, ina gidan makoki. Hajiya Rabi tana cikin takaba, ba fita. Ta jawo takalmin nan daga bayan ƙofa ta ce, "Maman Sadiya, kai wa Hauwa. Kar ki ce mata komai."

Na same ta a ƙofar kasuwa cikin mota, manaja na tsaye da lema yana mata magana ta taga. Na miƙa mata. Ta kalle shi, ta kalle ni. Manaja ya ce, "Madam, wannan ruwan ai ya yi yawa, ba a gwaji da shi." Ta cire nata takalmin ta sa na marigayi, ya yi mata yawa, tana tafiya yana ƙwas-ƙwas. Muka bi ta har gangare.

A kwanar ruwa ya tsaya. Ya cika, ya hau, ya shiga rumfata har ƙwauri. Ta daɗe a tsaye a ciki, sannan ta juyo ta ce wa manaja a gabanmu duka, "A faɗaɗa nan. In an sake ruwa zan dawo."

Har yau muna bakin titi, ana ta fasa siminti a can, kuma ban ji wadda ta ƙara yin ƙorafi ba.

Allah ya jiƙan Injiniya Bala, ya yafe masa, ya sanyaya kabarinsa, ya sa Aljanna ce makomarsa. Allah ya ba Hajiya Rabi da yara haƙuri, ya raya su, ya tsaya musu kamar yadda ya tsaya mana. Ita kuma wadda takalmin ke bayan motarta yanzu, Allah ya riƙa mata. Amin.