Lamduan da Gurbi na Ƙarshe a Mae Lom

An haifi Lamduan Kaewta a ƙauyen da ke bayan katangar filin golf na Mae Lom, kilomita goma sha ɗaya kudu da Chiang Mai. A wancan zamani babu katangar ma, shingen gora ne. Ɓaunayen noma kan kutsa su kwanta a tafkin rami na shida, likitocin asibitin mishan da ke zuwa wasa ranar Asabar su tsaya da sandunansu har a kore su. Ba mai gaggawa a lokacin. Uwarta ɗaukar jakar 'yan wasa take yi, kamar yawancin matan ƙauyen. Ita ma tana cika shekara goma sha shida aka ba ta lamba arba'in da bakwai, da malfa mai faɗi, da ƙyallen rufe fuska saboda rana.

Ranar Litinin ake rufe filin, a bar masu ɗaukar jaka su yi wasa da sandunan da masu kuɗi suka yar. A nan Lamduan ta koya. Ƙyallen yana kare mata gani idan ta sunkuya kan ƙwallo, don haka ta cire shi, rana kuwa ta yi aikinta. Tana da shekara ashirin da uku ta ci jarrabawar ƙwararru, a lokacin fuskarta da wuyanta da hannunta na dama sun yi baƙi ƙirin, na hagun da ke cikin safa shi kaɗai ya rage da haske. Shekara goma sha biyu ta yi tana bin gasa a motar haya. Ba ta taɓa ɗaukar kofi ba, amma sau biyu ta zo ta biyu, kuma ba ta taɓa rasa katinta na ƙwararru, wanda da shi ake shiga gasa, ba.

Sai bana. Wuyan hannunta ya kumbura a watan Mayu, ta yi wata uku a zaune. Mata sittin na farko a jerin maki su ke riƙe katin ƙwararru zuwa baɗi, ita kuwa ta sittin da huɗu ce, ga shekara talatin da biyar a kanta. Gasa ɗaya ta rage, kuma a Mae Lom za a yi ta, inda ta san kwanciyar kowace ciyawa. Amma an gayyato baƙi daga Koriya da Japan, guraben 'yan gida suka ragu, sunanta ya faɗo kan jerin masu jira. Kamfanin man hasken fata da ya ɗauki nauyin gasar yana da gurabe uku da yake bai wa wadda ya ga dama. An ba da biyu. Na ukun sai bayan wasan Talata, ranar da manyan kamfanin ke zagaya filin tare da ƙwararru.

Da safiyar Talatar, Inna Buakham, shugabar masu ɗaukar jaka kuma ƙawar marigayiya uwarta, ta zaunar da ita a bayan rumfarsu da gwangwanin hoda a hannu.

"Ɗaga haɓar nan," in ji ta. "Kai, wannan fuska! Ko buhun garin shinkafa na juye miki ba zai ji ba."

"Inna, wasa na zo yi, ba aure ba."

"Da aure ne ai da sauƙi, mijin ɗaya ne. Ki yi dariya idan mai kamfanin ya yi barkwanci, ko da kin ji shi sau goma. Kuma kar ki riƙa wuce shi da nisa sosai, ki bar masa abin faɗa a gida."

Kafin rami na biyu zufa ta wanke hodar.

An haɗa ta da mai kamfanin kansa, Khun Wirot, da abokansa biyu, da wata ƙwararriya mai suna Namfon, 'yar shekara ashirin da ɗaya, fara sol, doguwa, wadda ita ma gurbin take nema. Mai hoto yana biye da su. A bakin rami na farko ƙwallon Khun Wirot ta tsaya taku huɗu daga ramin, matar da ke ɗauke da jakarsa kuwa sabuwa ce, ta tsaya can tana kokawa da lema. Lamduan ba ta yi shawara da kanta ba. Shekara bakwai na wancan aikin suna nan a hannunta. Ta durƙusa, ta sa alama, ta ɗauki ƙwallon ta goge da gefen rigarta, ta mayar, ta duƙa a bayanta tana duban gangaren.

"Ta dama, yallaɓai, faɗin ƙwallo biyu. A hankali, ciyawar na bin ruwa."

Ƙwallo ta faɗa rami. Khun Wirot ya ɗaga hannu sama, ya rungumo kafaɗar Namfon, mai hoto ya ɗauka.

Daga nan kowane rami sai ya waiwayo ya ce, "Ina 'yar baƙar nan? Zo ki duba min." Takan je. Ta riƙe masa tutar rami, ta share kwarin yashi bayan ya fitar da ƙwallonsa daga ciki, sau ɗaya har ta karɓi lemar daga hannun sabuwar. A tsakanin haka take buga nata wasan, kuma rabonta da bugu irin na ranar tun kafin hannun ya kumbura. A rami na tara ta ji yana ce wa abokinsa, "Ka ga filin nan? Har masu ɗaukar jakarsu sun iya wasa. Mutum ɗaya ya yi mana ƙaranci, suka cike da ita."

Babba ba a gyara masa magana a gaban baƙinsa, wannan tun tana goye ta sani. Ta ce a ranta wani zai gaya masa, ko Namfon, ko wani daga ofis. Namfon ta buɗe baki, sai mai hoto ya kira ta. Lamduan ta ƙudura cewa lambar da za ta rubuta a ƙarshe ita za ta yi magana. Ƙa'idar filin bugu saba'in da biyu ne, kuma a golf mai ƙarancin bugu ita ce gwana. Ta gama da sittin da shida. Namfon ta gama da saba'in da tara.

A bakin rami na goma sha takwas, ga baƙi, ga 'yan ofis, Khun Wirot ya zaro takardar kuɗi ta baht, ya ninke ta biyu yadda ake yi wa masu ɗaukar jaka, ya miƙa mata yana murmushi.

"Ungo, ki sha ruwa. Lambarki nawa? Gobe ma ke nake so."

Da ta karɓa ta haɗa tafin hannu a ƙirji alamar godiya, da wataƙila a ofis an warware zancen a asirce, ya yi dariya, ya ji nauyinta. Amma hannuwanta suka koma bayanta.

"Yallaɓai, ni 'yar wasa ce. Lamduan Kaewta. Shekarata goma sha biyu da kati. Sittin da shida na buga yau, kana wurin."

Ba ta ɗaga murya ba, amma kowa ya ji. Ɗaya daga cikin abokansa ya tuntsire da dariya, ya ce, "Wirot, gasarka ce, amma ba ka san 'yan wasanka ba!" Kunnuwan Khun Wirot suka yi ja. Ya mayar da takardar aljihu, ya yi murmushin da bai kai ido ba, ya juya.

Washegari da ƙarfe tara aka liƙa suna a allo: Namfon. Lamduan ta hau bene wurin Madam Sunisa, mai kula da harkar gasa a kamfanin, mace mai shekara hamsin da ta taɓa yin wasan ita ma.

"Zauna, ƙanwata. Na san abin da ya kawo ki."

"Bugu goma sha uku ne tsakaninmu, Yaya."

"Na iya ƙirga. Amma gurbin nan ba na maki ba ne, da na maki ne ba za a kira shi gayyata ba. Man hasken fata muke sayarwa. Hoton yarinyar nan ɗaya yana kawo mutanen da ba su san ina ake riƙe sanda ba, su kuma su ne dalilin da ya sa akwai gasar. In kamfani ya janye, mata ɗari da takwas za su zauna a gida, har da ke."

"To a rubuta a takarda mana. A ce daga kala kaza zuwa kaza. Da tun ina yarinya na san in bar ƙyallena a fuska."

Sunisa ta cire tabarau ta murza ido. "Na sa sunanki a gabansa ranar Litinin, da jan biro. Yana ta jinjinawa. Sai kika kunyata shi a gaban abokansa. Yanzu ko ni ba na iya ambatonki."

A ƙasan bene Namfon na jiranta, ta haɗa hannu har goshi.

"Yaya Lamduan, ki yafe ni. Na so in gaya masa."

"Ba ke kika zaɓi kanki ba."

"Tun da aka liƙa sunan nan mutum talatin sun taya ni murna," in ji yarinyar, idonta ya kawo ruwa. "Ba wanda ya tambaye ni nawa na buga."

Lamduan ba ta da sauran tausayin da za ta ba wani. Ta gyaɗa kai ta wuce.

Hanya ɗaya ta rage. Wadda ke saman jerin masu jira tana da damar zama a bakin wurin bugun farko ranar buɗe gasa, in wata ta janye ko ta makara, sai a kira ta. Lamduan ce a saman. Ranar Alhamis ƙarfe shida da rabi tana kan benci, takalmi ɗaure, safa a hannu. Kafin ta zauna ta kai kwalbar jan lemo gaban ɗan ɗakin iskokin fili da ke gindin tsamiya, kamar yadda matan ƙauyen ke yi. Ta durƙusa don ta roƙi sa'a, sai ta ji bakinta yana roƙon a saukar wa wata ciwon ciki, kowace ce, ko tayar motar wata ta fashe a hanyar garin Lamphun. Ta tashi da kunya, amma ba ta janye roƙon ba.

Kowane minti goma mai kiran suna ya kira mata uku, su buga, su tafi. Ta riƙa duban fuskokinsu tana neman mai zazzaɓi, tana duban tafiyarsu tana neman mai ɗingishi. Akwai waɗanda suka sha kwana ɗaki ɗaya da ita a garuruwan gasa, suna gaishe ta tana amsawa, tana kallon wuyan hannunsu. Da hantsi Inna Buakham ta kawo mata shinkafa mai danƙo da gasasshiyar kaza a ganyen ayaba.

"Ci mana. Kin zauna kamar ungulu a bakin mahauta."

"In na ci aka kira ni fa?"

"Sai ki buga da ƙashi a baki."

Ba ta ci ba. Ƙarfe goma sha ɗaya da minti ashirin Namfon ta buga, ƙwallonta ta karkata ta faɗa cikin gora, mutane suka tafa duk da haka.

Rukuni na ƙarshe na sha biyu da minti arba'in ne. Sha biyu da rabi mata biyu ne kawai a wurin. Ta ukun, wata 'yar Koriya, ba a gan ta ba. Mai kiran suna ya dubi agogo, ya dubi Lamduan, ya ce ta shirya. Ta miƙe, ƙafafunta sun yi tsami, ta zaro sanda, ta lilo ta sau biyu. Hannun bai yi ciwo ba. Saura minti uku sai ga 'yar motar zagaya fili a guje, yarinyar ta diro tana ɗaure gashi, tana ba kowa haƙuri da 'yar Turancinta, har da Lamduan.

Lamduan ta tsaya da sandar a hannu har suka ɓace a bayan tudu. Sa'annan ta mayar da ita jaka, ta saɓa, ta nufi ofis. Duk wadda ta rasa kati sai ta koma jarrabawar ƙwararru a watan Janairu, tare da 'yan shekara goma sha takwas. Ta ce wa akawun ya ba ta takardar cikewa.

Ya turo mata, ya nuna ƙasan shafin da gindin biro. "An ƙara abu ɗaya bana, Yaya. Hoto biyu ake so, masu kala. Ɗaya na fuska, ɗaya a tsaye, daga kai har ƙafa."