Farantin da Inna Ke Ɗagawa Sama

Mu a Kontagora ba mu da jirgin ƙasa, ba mu taɓa samu ba. Amma ni cikin kukansa na girma, domin Inna, mahaifiyata, ta taho da shi a kunnenta ranar da aka kawo ta aure daga wani ɗan ƙauyen tasha da ke wajen Zungeru.

Yadda take ba da labari, ƙauyen nasu gyangyaɗi yake yi wuni guda, sai ƙarfen hanyar jirgi ya fara rawa sannan ya farka. Motocin Kontagora na sauke buhunan gyaɗa da na kaɗe, maza na lodi, mata kuma su yi ca a gindin taragai da soyayyen kifi da rake da dafaffen ƙwai. 'Yan mintocin da jirgi ke tsayawa su ne kasuwar garin gaba ɗaya. Tagar jirgi kuwa tana can sama, dole mai talla ta ɗaga faranti da hannu biyu har ya wuce kanta. Ba ta ganin fuskar mai saye, hannu kawai take gani yana saukowa.

Hannun Inna bai taɓa mantawa ba. Shekara da shekaru tana sayar da kifi a tashar motar Kontagora, gefen da ake lodin Rijau da Auna, kuma duk motar da ta tsaya sai ta ɗaga farantin sama da rufinta. Fasinja na zaune yana kallon zanenta, kifi na can yana shan iska. Direbobi su yi ta dariya.

"Iya, tsuntsaye kike tallata wa ne?"

Sai ta yi tsaki ta sauke. Ni dai kamar in nutse, har na taɓa ce mata ta daina abu kamar mai taɓin hankali. Maganar ta daɗe tana cina.

Da idonta ya fara hazo, likita ya ce gaba abin zai yi, sai ta ce abu ɗaya take so kafin duhu ya rufe, ta ƙara ganin jirgi tsaye a tasharsu. Na san ya daɗe da daina tsayawa can, amma na kasa faɗa mata. Na ɗauko shatar mota. Ita kuwa da asuba ta soya kifi, wai ba a zuwa tasha hannu rabbana.

Mun tarar ciyawa ta haɗiye hanyar, rumfuna sun zube, awaki na kwance a ɗakin sayen tikiti. Wani tsoho ya ce mana kowa ya koma bakin kwalta, can kasuwa take yanzu. A gefe guda ga tarago ɗaya da aka yasar, ya yi tsatsa, kurciyoyi na shiga suna fita. Inna ta ƙanƙance ido.

"Ga shi can," in ji ta. "Mun same shi."

Na buɗe baki zan faɗi gaskiya, sai na ga ta gyara ɗaurin zane, ta nufe shi da saurin da na manta tana da shi. Na zagaya ta baya, na kama ƙarfe na hau, na leƙo ta taga. Ga faranti ya taho daidai hannuna, bai yi sama ba bai yi ƙasa ba, kifi jere gwanin kyau, ita kanta ba na ganinta. Na miƙa hannu na ɗauki ɗaya.

Ta ɗan karkatar da farantin, ta daɗe tana kallon hannun.

"Ƙara ɗaya, ɗan nan," ta ce. "Na san wannan babu inda za shi. So nake dai ka hau ka gani da idonka, uwarka ba hauka take yi ba."