Ƙofa ta ukun da Yaya Nasiru ya bari

Shekara shida ke nan da muka kai Yaya Nasiru makwancinsa a Goronyo, kuma wallahi bana na fi jin rashinsa.

Shi ya tsara wa ƙungiyar manoman ranin yankinmu manhajar da ke tace sunaye kafin rabon irin albasa da taki. Ni ƙanensa ne, ni ke shigar da bayanai. A baki aikin ba wuya: in mutum na da gona a bakin kogin Rima, sunansa ya bi ƙofar rabo, in ba shi da ita, ya bi ƙofar cirewa. Amma Yaya ya kafe sai da aka yi ƙofa ta uku. Sunan mamaci, ko wanda bayanansa suka ruɗe, kamar masuncin da ke noma in ruwa ya janye, can yake tsayawa har mutum ya hau babur ya je ya tambaya.

Na sha yi masa tsiya, don ni ake turawa har Rimawa cikin zafin rana. Sai ya ce, "Sani, kwamfuta ta san mai gona ya mutu. Ba ta san wa ka ci da ɗiyanai ba."

Bayan rasuwarsa shugabanni suka ce ƙofar nan jinkiri take jawowa, aka toshe ta, sunan mamaci ya koma bin ƙofar cirewa kai tsaye. Na yi magana a taro har na gaji da jin muryata. Yanzu aikin sati yana ƙarewa kafin shayi ya huce, kowa na murna. Ko me Yaya zai ce da wannan saurin? Ina jin makullin babur kawai zai nema.

Bana ne aka shigar da sunayen mamata gaba ɗaya. Gonar Yaya har yau da sunansa take, matarsa Hadiza ke nomanta tana ciyar da marayu. Ranar rabo ta dawo hannu sake. Na bi ofis, aka ce an rufe sai baɗi, ga lokacin zuba iri yana wucewa.

Manhajarsa na nan tana aiki, ba ta taɓa kuskure ba. Abin da ya fi so a cikinta ne kawai ya bi shi. Allah ya jiƙansa.

Jiya Hadiza ta tare ni a zaure. "Sani, mi munka yi anka hidda mu?"

Na kasa gaya mata cewa aikin hannun mijinta ne ya cire sunansa.