Akwatin da Auta ya Bari

A kan kabad ɗin Inna, tsakanin jerin tasoshinta da agogon Baba da ya daina tafiya, akwai wani ɗan farin akwatin wifi mai ƙaho biyu. Ƙanena Auta ne ya sayo shi lokacin da kasuwa ke yi da shi, yana ɗauko kaya daga Jibiya yana kawowa Maraɗi. Shi ya kafa shi, shi ya sa kod a salular Inna, kuma shi ya zauna da ita a tabarma har ta iya danne ɗan hoton nan da babban yatsa ta aika saƙon murya, wanda mu nan muke kira bokal. Inna ba ta taɓa yarda a sa wa salularta intanet na daban ba, wai almubazzaranci ne. Don haka salular a cikin gida kawai take ji, da ta ƙetare zaure ta zama kurma.

Sai sojoji suka karɓi mulki, aka rufe iyaka, Nijeriya ta yanke mana wuta. Sana'ar Auta ta tsaya cak. Ya yi ta zaman gindin bedi a ƙofar gida har ya gaji, wata safiya ya ɗaure jaka ya nufi arewa, wajen haƙar zinariya can gaba da Agadas. Da farko bokal ɗinsa na shigowa a kai a kai, da dariyarsa da ƙorafin shinkafa marar mai. Daga baya ya yi tsit. Muka kira har muka gaji, layinsa a rufe.

A gidanmu ba a kifa kwanon matafiyi. Kullum in an sauke tuwo sai Inna ta zuba na Auta a kwanonsa, ta rufe, in an jima ta aika wa wata tsohuwa maƙwabciyarmu. Kuma duk abin da matafiyi ya ajiye da hannunsa ba a gusar da shi sai ya dawo. Na tashi na tarar ana haka, ban taɓa tambayar dalili ba, sai da abin ya biyo ta kan akwatin nan.

Ni ce 'yar fari, shi ya sa Inna ba ta kama sunana, “ke” kawai take ce mini. Malamar lakwal ce ni, wato makarantar boko, kuma ina da hali guda da kowa ya sani: in na ga abu a karkace ba na samun sukuni sai na miƙe shi. Kullum in na taso daga aiki na biya ta gidan a Sabon Gari, sai in tarar babu wuta, idanun akwatin a mace, Inna zaune a gabansa da salula a cinya. Wuni guda ke nan ko Auta ya kira ba za ta sani ba. Abin ya riƙa ci mini rai. Da na ga wani sabo a kanti, ƙarami kamar sabulun wanka, mai batir a ciki, ban yi shawara da kowa ba na saya.

Na ajiye mata kwalin a tabarma. Ta dube shi ba ta taɓa ba.

“Mi ne ne wanga?”

“Sabon akwati na, Inna. Ko an ɗauke wuta shina aiki. Kuma kina iya sa shi jaka ki tahi da shi ko'ina.”

“Wancan ya lalace?”

“Bai lalace ba.”

“To mi yay yi miki?”

Na gyara zama na fara bayani irin na aji. Na ce kira lambar salula yake bi, ba ruwansa da akwati, ko goma aka sauya saƙo zai iso. Ta bar ni na kai aya, sannan ta ce, “Yaron ga wancan yas sani. Shi yak kahwa shi da hannunshi. In ya kira ya iske baƙo, ina za shi bi?”

Na sake ɗauko bayanin daga farko, muryata ta fara hawa. Ta ɗaga mini hannu.

“Ke kin yi boko, na sani. Amma ba ke kinka haihe shi ba.”

Maganar ta yi mini zafi. Ni ma ƙanena ne, ni na goye shi har bayana ya yi kanta. Na tura kwalin ƙarƙashin gadonta na tafi gida ko sallama mai kyau ban yi ba.

Kawu, ƙanen Inna da ke noman rani a Jiratawa, shi ya rage mana rigimar. Ya zo da buhun zogale da tumatir, na tare shi a zaure na zazzage masa ƙorafina, ya shiga ciki Inna ta zazzage masa nata. Bai ce wa kowa kin yi daidai ba. Da ya sake zuwa sai ga shi da tsohon batirin mota a bayan babur, da ɗan farantin sola da mai gyaran wuta. Aka haɗa wa tsohon akwatin ba tare da an ɗaga shi daga inda yake ba, Inna na tsaye a kansu tana cewa a yi a hankali. Idanunsa suka yi kore tun safe har dare. Na ji daɗi, ko da yake na ɗan ji haushi da dabarar ba tawa ba ce.

Amma babbar damuwata tana nan. Inna ta daina fita. Matar da ba a biki ko gaisuwar rasuwa a unguwa ba tare da ita ba, yanzu ko bakin titi ba ta zuwa, kada Auta ya kira ba ta nan. Ta rame, zanenta ya fara yi mata yawa. Na ji tsoro ƙwarai kada jiran ya kwantar da ita kafin shi ya waiwayo.

Ana haka aka haifa wa yayar Inna jika a Tsibiri. Su biyu suka rage mata a ɗakinsu, kuma yayar ta aiko cewa in Inna ba ta zo suna ba, to ta riƙe gaisuwarta. Na yi ta lallashi, na ce bokal ba ya ɓata, in ya zo zai jira. Da ƙyar ta yarda. Na ce to mu ɗauki sabon akwatin a jaka, ta ce in bar shi inda yake. Na ce in haɗa salularta da tawa, ta ce kada in kuskura in taɓa abin da Auta ya saita. Kafin mu fita ta goge wa tsohon ƙura da bakin mayafinta, ta tabbatar idanunsa na ci.

A Tsibiri an sha hidima. An ci fanke, an yi wa jaririya wasa, tsofaffin biyu suka yi ta tsokanar juna a kan wadda ta fi furfura. Na ga Inna ta yi dariya har da riƙe ciki, abin da na daɗe ban gani ba. Duk da haka, jim kaɗan sai ta kwance bakin zane ta leƙa salular da ta san ba ta ji.

Bayan la'asar adaidaita ya sauke mu a ƙofar gida. Inna na gaba ina biye da ƙunshin kayan suna. Ƙafarta na shiga zaure salular ta yi ƙara a ƙugunta. Ta tsaya. Ta kasa kwance ƙullin zanen, ni na kwance mata. Baƙuwar lamba ce, bokal guda ɗaya. Na danna.

Iska ce ta fara fitowa, da ƙugin inji, sannan muryarsa. “Inna, ni na. Lahiya lau nike, kar ki damu. Salulata ta hwaɗa rami, kuma inda muke babu rezo sai an hau dutse. Ta wani abokina ce na ara. Ki gaida Yaya.”

Inna ta zauna a ƙasan zauren da kayan bikinta, ta ce in sake. Na sake, ta ce in ƙara. Ni kuwa hawaye sun hana ni ganin abin da nake dannawa. Da na share ido na lura tun da hantsi ya aiko, muna can ana rabon goro, na gaya mata. Da sabon akwatin na cikin jakarta, da tun a Tsibiri ta ji shi. Har na buɗe baki zan faɗa, ta riga ni.

“Kin gani ko? Tun sahe yaz zo, bai bi mu Tsibiri ba. Nan gida yaz zamna shina jirana.”

Na rufe bakina. Sabon akwatin Kawu na ba, yana can Jiratawa 'ya'yansa na ta kallon ƙwallo da shi. Tsohon kuwa ya ƙara nauyi, yarana in sun zo sai mita suke wai ba ya ja, ni ce yanzu mai korarsu daga gaban kabad ɗin.

A ranar dai, bayan ta sha ruwa numfashinta ya daidaita, ta karɓi salular ta danne da babban yatsa kamar yadda ya koya mata. Na zaci kuka za ta yi masa, ko faɗa. Ta tambaye shi ko yana samun abinci mai mai, ta ce ya riƙe salla, ya gode wa mai salular. Sannan ta ɗaga kai ta dubi kabad ta ƙofar ɗaki.

“Ka kira duk sadda ka samu,” ta ce. “Akwatinka na nan inda kab bar shi, ba wanda yat taɓa.”